Awon Wurin Wankan Baba

Yaya,

Yaushe rabon da ka tsaya ka kalli Baba yana ɗaga ƙafa zai hau dakali? Ba ta waya ba, yana zaune an gyara masa wuyan riga. Ido da ido nake nufi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya ɗawainiya? Mu nan lafiya lau, in ka cire ƙurar siminti. Umma ta ce in fara da gaisuwa kafin faɗa. Na ɗan juya tsarin, ka yafe ni.

Takarda na rubuto domin in na kira ka, ina kaiwa tsakiyar magana sai ka ce ana nemanka a ofis. Guruf ɗin dangi na waya kuwa ka san Gwaggo ta cire ni, wai na yi wa zaɓinka rashin kunya. Abin da na ce kawai, akwatin gilashin wankan da ka turo hotonsa ya fi dacewa da kifin ado. Ban janye ba.

An fasa banɗakin Baba, an fitar da tsohon baho, an ja sabbin bututu. Mai famfo ya ce Asabar ta sama zai zuba ƙasa ya sa tayil, kuma dole ya san irin shingen shawar da za a kafa, don da shi ake saita rariya da gangaren ruwa. In siminti ya kama, sai dai a sake fasawa. Na san kyautarka ce, kai ke da ta cewa. Amma ba kai za ka yi wanka a ciki ba.

Jiya na je shagon, na cire takalmi na shiga zaɓin naka mai lanƙwasa. Ni da kuke cewa iska za ta ɗauke, ina ɗaga hannu kamar zan cuɗa kai, gwiwar hannuna ta daki gilashi. Ga tudu a bakin ƙofa, santimita goma sha takwas. Mai shago ya ce manyan otal duk irinsa suke sawa. Na tambaye shi ko otal ɗin ma an yi masa aiki a gwiwa kamar Baba. Bai yi dariya ba, amma ya ba ni littafin kayansu. Shafi arba'in, na karance shi tas da ƙamus a gefe. Ban je jami'a kamarku ba, amma ba na zaɓen kaya don ƙyalli.

Wanda ya dace mai kusurwa huɗu ne, santimita casa'in-casa'in, ƙofa mai zugewa, ƙasa kusan a shafe. Na auna bango sau uku. Saura ka ce a saya.

Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Auta, wanda kuke kira Lauya


Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramar, tarin ya sauka? Umma na yi mata sannu.

Na ga amsarka mai kalma biyar, cewa a yi wanda ka ce. Na yi niyyar cika maka shafi huɗu da martani. Allah ya taimake ka, Baba ya riga ni.

Ya same ni a falo ina zagin wayata, ya tambayi dalili, na zayyane masa. Ya tambayi abin da na auna, na ce bango da ƙasa da faɗin ƙofa. Sai ya yi dariyar nan tasa har da tari. Ya ce shekara arba'in yana ɗinki, bai taɓa ganin telan da ya auna yadi ya manta da mai riga ba, sai a gidansa, har guda biyu. Da kai da ni ke nan. Ya ce a yi gwaji kafin a yanka.

Na ɗebo kwalayen da aka kawo tayil a ciki, na zana awon naka da alli a tsakar falo, na tsayar da kwali a kan zanen. Baba ya rataya tef ɗinsa a wuya, ya shiga da kayansa, na miƙa masa kujerar robar da yake zama a kai in zai yi wanka. Yana zama ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, otal ɗinka ya kife. Ban ɓoye murnata ba.

Sai muka kafa nawa. Ya shiga daidai, ya zauna, ya kwaikwayi zuba ruwa, har da waƙa. Na fara neman wanda zai ɗauke mu hoto in turo maka.

Umma tana tsaye a ƙofar kicin tun ɗazu, da tsumma a hannu. Ta dubi kwalin ta ce, “To, ni kuma ina zan tsaya?”

Yaya, ban gane ba da farko. Sai da na ga Baba ya sunkuyar da kai yana nannaɗe tef a yatsa.

Wata goma sha huɗu ke nan, tun da aka yi masa aikin, hannunsa ba ya kai wa ƙafarsa, kafaɗar ma ta ƙi ba shi baya. Umma ce ke shiga ta cuɗa shi, ta riƙe shi ya miƙe. Kullum. Ni da nake kwana a gidan, in na ga ta bi shi da bokiti, ɗauka nake ruwan zafi ta kai masa ta tsaya wanke 'yan tsummoki. Na karanta shafi arba'in, na kasa karanta abin da ke gaban hancina.

Umma ce ta fara motsawa. Ta ture kwali ta shiga, ta ce masa ya matsa, mutum sai faɗin baya kamar ƙyauren gareji. Baba ya ɗago ya ce in shaida, matar nan cuɗa shi take kamar gindin tukunya, fatarsa saura kaɗan. Daga nan sana'a ta motsa. Ya sa ta tsaya a bayansa, ya sa ta sunkuya wajen ƙafarsa, ya ce ta buɗe hannu, yana kiran lamba ina rubutawa kamar sabon ɗan koyo. Ya ƙara taƙi ɗaya, wai na walwala, kamar yadda yake yi wa hammatar riga.

Ga abin da ya fito: tsawo mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya. Babu tudu, babu ƙofa. Gilashi guda miƙaƙƙe, irin wanda ba a ganin ciki, da ƙarfen riƙewa biyu a bango. Mai famfo ya ce zai shiga in an matsar da wurin wanke hannu.

Baba ya ce maganar nan kada ta wuce falon. Da ƙyar ya yarda a gaya maka, kai kaɗai, kuma a takarda. Ka karanta ka adana.

Duk mun sha ƙasa, ni da kai. Amma ni na fi ka kusa.

Ƙaninka,
Auta


Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Ina fata kun tashi lafiya. Da ka kira jiya ka ce a yi yadda Baba ya auna, na ji muryarka ta shaƙe. Ka ce mura ce. To, Allah ya sawwaƙe murar.

An kawo gilashin. Baba ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya ce ɗinkin ba laifi.

Saura ƙura ɗaya, kuma kai ka tayar da ita. Gwaggo ta leƙo da safe, ta ga gilashin jingine, ta ga ba shi ne na hoto ba. Kafin azahar dangi sun ɗauka. 'Yar Kawu ta nuna mini a wayarta: wai Lauya ya take maganar yayansa, ya mayar da banɗakin Baba na asibiti, wai wurin wankan mutum ɗaya sai ka ce za a wanke mota. Ni wannan bai dame ni ba, na saba. Amsa tana kan harshena, mai zafi, wadda za ta rufe bakin kowa, kuma ita ce ba ni da ikon faɗa. Ka san irin azabar da ke cikin wannan ga mutum irina?

Abin da ya dame ni, Gwaggo ta ce za ta dawo ranar Asabar ta tsayar da mai famfo, ta zaunar da Umma ta ji dalilin wannan faɗi haka. Ka san Gwaggo in ta kama tambaya, ka kuma san Umma ba ta iya ƙarya ba. Tun da Baba ya ji, bai fito falo ba, waƙar ma ta ɗauke.

Ni ba na cikin guruf, ko ina ciki ma ba mai saurarona. Kai kuwa in ka yi atishawa sai mutum talatin su yi maka sannu. A gabansu ka turo hoton, a gabansu aka tafa maka. Don haka a gabansu za ka fito, kafin Asabar, ka ce kai ka canja ra'ayi, kai ka zaɓi wannan. In sun tambayi dalili, ka ce yanzu shi ake yayi, za su haɗiye. Kada ka wanke ni, kada ka ce a mayar da ni guruf, ka bar ni da sunana na marar kunya, ya zauna mini daidai.

Kada kuma ka kira ni a gefe ka ce ka ji. A can nake son amsarka, Yaya, inda kowa zai gani.

Ƙaninka mai ƙaunarka duk da haka,
Auta