Gemun da Na Ƙi Askewa

Unguwar Ƙurban, Madina, 1984

Yaya Hussaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ki tsorata da ganin wasiƙata daga Madina. Hutu aka ba ni daga tasharmu ta nukiliya a Turai.

Hatsari aka yi: narkakken ƙarfen da ke sanyaya injin tashar ne ya fitar da tururi mai guba, marar wari. Kowa ya sa abin rufe fuska, amma nawa bai zauna daidai ba, saboda gemun da na ƙi askewa. Likita ya ce mu jira wata uku mu ga ko gubar ta yi mini illa.

Ki yi mini addu'a, amma kada Inna ta ji. Jiya ina alwala a masallacin Ƙuba, na tsefe gemun, sai ga gashi cike da tafin hannuna.

Ƙaninki,
Maiwada