Ku Kwance Ɗanbaba

Zuwa ga amaryata, Kaka Tambaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙafa, ya su Baba? Ko kin yi sabon miji a Bunkure tunda na taho Legas?

Na ji tun da aka sari ƙanena Ɗanbaba da fartanya a ka wajen rigimar sakin ruwan noman rani, ya koma dukan mutane, har ya fasa wa Inna baki. Wai kun ɗaure shi, mai ruƙiyya yana zabga masa bulala.

Kaka, ba aljani ba ne. Ni lafiyata ƙalau, sai dai bara 'yan daba sun rotsa min kai da ƙarfe a kasuwar tumatir. Bayan na farfaɗo, na shaƙe abokina ba dalili. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta ji rauni, kuma duka ƙara mata yake yi. Har yanzu sunaye suna ɓace min, ban da naki, sarkin faɗa.

Baba ba ya jin maganata, amma ke kika haife shi. Ki sa a kwance yaron, a kai shi asibiti Kano. In an sake ɗaga bulala, ki shiga tsakani, mu ga mai dukanki.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Jikanki,
Amiru