Gwangwanin da Za Ku Kai wa Gwaggo Tabitha

Ni Enoch Pilling, ɗan wasan fim, na rubuta wannan da hannuna a London, watan Maris na 1924, hankalina garau. Huhuna ne ya ƙare, ba kaina ba. Shekaruna talatin da ɗaya, kuma likita, mai fuska kamar ƙofar kurkuku, ya ce ba zan ƙara wata biyu ba. 'Ya'yana, Wilfred da Dorcas, ku saurara.

Na ɗaya. Akwatin kwalliya, da gemun ƙarya tara da ke ciki, na Wilfred ne. Da su na fito a ɓarawo, mashayi, mugun mai gidan haya, fim arba'in da wani abu, ba a taɓa sa sunana da manyan baƙaƙe ba. Ka yi wasa da su, kada ka nemi abinci da su.

Na biyu. Littattafaina na Dorcas ne. Ba wanda ya koya mini karatu. A jaridar da ake naɗe kifi da dankali na fara haɗa baƙi. Amma karatun nan shi ya kumbura mini kai.

Na uku, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Kuna da gwaggo a Burnley, yayata Tabitha, wadda kunya ta hana ni ambata muku. Ita ta raine ni bayan iyayenmu sun rasu, tana aikin masaƙa tun tana 'yar shekara sha biyu. Ƙarar inji ta kashe mata kunne kamar sauran matan wurin, don haka a leɓe suke gane magana.

A fim ba a ɗaukar murya. Mai ba mu umarni yakan ce, "Pilling, motsa baki kawai, ko addu'ar kakarka ce." Wata rana ina korar wata 'yar haya a gaban kyamara, don in ba ma'aikata dariya sai na ce, "Fita, kin fi Tabitha Pilling warin man inji, jakar da ko sunanta ba ta iya rubutawa!" Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Na ji ni gwani ne.

Fim ya kai Burnley. Tabitha ta sa hularta ta zuwa coci, ta jawo matan masaƙa ashirin su zo su ga ƙanenta. Fuskata ta cika bango, kowaccensu ta karanta bakina. An ce ta tashi ta fita. Shekara shida ke nan. Ni kuwa, ɗan banza, na tsaya a kan ai wasa ne.

Mahaifiyarku ta riga ni tafiya. In Tabitha ba ta karɓe ku ba, gidan marayu za a kai ku, maza daban, mata daban.

Na huɗu. Akwai gwangwanin fim a ƙarƙashin gadona. Ku nisanta shi da wuta. Abokina Cuthbert mai kyamara ya ɗauke ni makon jiya, minti biyu, ba gemu ba fenti, ina neman gafararta. Wasiƙa ba za ta yi mata amfani ba, ni na fi kowa sani. Cuthbert zai raka ku a jirgin ƙasa, ya roƙi mai gidan majigin Burnley ya haska shi ranar Asabar, matan nan na zaune. A gabansu na ci mutuncinta.

In za ku yi mata magana ku fuskance ta, kada ku ɗaga murya, ta tsani haka.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku harshen da ya fi nawa. Wilfred, riƙe hannun ƙanwarka, kada ka yarda a raba ku. In gwaggonku ta tashi ta fita kafin in gama magana, kada ku roƙe ta. Ku bi bayanta kawai.