Inda Aka Hana Ni Magana

'Yata,

Bayan gaisuwa, ya maigidanki, ya ƙafar mamanki? Ni lafiya lau, in ban da sanyin ɗaki.

Kin ce ba na tanka muku in kun kira ta bidiyo. Ba fushi ba ne. A laburaren unguwa kaɗai nake samun intanet kyauta, can kuwa an hana magana. Ni da na tsufa ina tsawata wa ɗalibai, yau ma'aikaciyar da ko sa'arki ba ta kai ba ke ce mini, "Baba, shiru." Sai in yi ta ɗaga muku hannu.

Allah ya yi muku albarka. Ki gaya wa ƙaramarki kakanta ba bebe ba ne. Na ji lokacin da ta tambaye ki.

Mahaifinki