Inna Ta Tara Mini Kwamfuta Maimakon Kwanuka

Assalamu alaikum Anti Ummu Salma. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ba ni da wanda zan iya gaya wa a gidanmu, ga lokaci ya ƙure mini. Ki yi haƙuri idan zancen ya yi tsawo, ni kaina ban san ta inda zan kamo shi ba.

Ni budurwa ce, a wani ƙauye nake kusa da dam ɗin Watari. Sana'ata ɗaukar hoto a cikin gida, wurin mata: kamu, wunin biki, suna, walimar sauka. A garinmu namiji ba ya shiga da kyamara inda mata suka ajiye mayafi, saboda haka tun da na gama sakandare aikin ya zama nawa. Ina kuma zana katin gayyata da kalanda da sitikar da ake mannawa a robobin rabo. Duk a waya nake yi. Wayar takan yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, ta tsaya cak ina tsakiyar gyaran fuskar amarya. Idan aikin babba ne sai na shiga mota zuwa Dawakin Tofa, in zauna a shagon wani ina jiran ya gama nasa, samari suna leƙen hotunan matan mutane ta bayan kaina. Wannan leƙen ya fi komai ci mini rai. Wata uwar amarya ta taɓa ce mini in dai hoton 'yarta zai je shagon maza, gara kada a ɗauka.

Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan kwamfutar tebur, irin wadda ake sayen kayanta daban-daban a haɗa, don an ce mini ta fi ƙarfi da jure aiki. Kin dai san iyayenmu mata. Tun yarinya tana ƙarama uwa take tara mata kayan jere, bana tukwane, baɗi kuloli, a tura ƙarƙashin gado. Gado da katifa da kujeru na Baba ne, amma abin da mata ke ware ido su kalla ranar jere na uwa ne. Wata rana ina taya Inna matsar man gyaɗa na ce mata, rabi wasa rabi gaske, da ma maimakon kwanuka kayan kwamfuta za ta tara mini. Ban zaci za ta ɗauka ba. Inna ba ta yi boko ba, ko lambar waya sai an danna mata, amma ta ce ta sha ganin matan da aka cika wa ɗaki da tasoshi suna fitar da su ɗaya bayan ɗaya idan gida ya yi tsanani, gara ta ba ni abin da zai ciyar da ni.

Daga nan ta fara, kuma yadda ta iya tarin kaya haka ta tara. Duk lokacin da ta sayar da ragon da ta kiwata, ko gyaɗa ta yi albarka, sai ta kira yayana Ja'afaru, wanda ke kai tumatir da albasa birni, ta ce ya sayo abu guda. Sharaɗinta ɗaya ne, wanda ake yayi, kada a kawo wa 'yarta tsohon yayi. Ni nake gaya masa sunan abin, shi kuma ya faɗa duk shagon da ya samu ya ce a ba shi sabon fitowa. Aka fara da akwatin kwamfutar, ƙato mai gilashi da fitilu masu launi, don Inna ta ce a fara da abin da ido zai gani. Sai madabod, wato faifan da sauran kayan ke zama a kansa. Bayan an daɗe aka sayo katin girafik mai sarrafa hoto, wanda mai shago ya rantse wa Yaya cewa da shi masu wasan gem ke taƙama. Sai firosesa, ƙwaƙwalwar injin. Na ƙarshe shi ne ram, mai riƙe wa injin aikin da yake kai, da aka kawo bana. Kowanne ya zo Inna ta yi bismillah ta shafa kwalin, ta naɗe shi a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta yarda a buɗe ko ɗaya ba, wai kayan jere ba a taɓa su sai ranarsu.

An sa bikina bayan girbin shinkafa. Kamaruddeen, wanda zan aura, malamin Islamiyya ne a Bagwai, mutum mai haƙuri, har ya ware mini lungu a ɗaki, ya ce 'yar solar da yake da ita tawa ce da rana. Makon jiya na lallaɓa Inna ta yarda a kai kayan a haɗa kafin biki. Ni da Yaya muka kai wa Tasi'u, mai gyaran kwamfuta a Dawakin Tofa. Ya baje su a tebur, ya juya wannan ya juya wancan. Sannan ya nuna mini cewa firosesar ba za ta zauna a faifan ba, don ba don irinta aka ƙera shi ba. Ram ɗin na sabon zamani ne, gurbinsa a faifan na tsoho ne, ko da guduma ba zai shiga ba. Katin kuwa wutar da zai ja ta fi ƙarfin solar Kamaruddeen nesa ba kusa ba. Ga shi ba mu sayi na'urar raba wuta ba, ba ma'ajiyar hotuna, ba monita, wato allon kallo. Ni a wautata talabijin na yi niyyar jonawa.

Ban yi kuka a shagon ba, sai da muka shiga mota, na tusa kai cikin hijabi har muka iso gida.

Anti, kwamfutar ma da sauƙi, Inna ce ke hana ni sukuni. Gwaggo Asama'u, yayar Baba, tun farko take yawo da zancen cewa za a kai 'yar ƙaninta gidan miji ko ludayi babu. Inna ta shanye wannan magana shekara da shekaru, amsarta kullum ita ce su bari ranar jere su gani. Gidan suna, gidan gaisuwa, ba inda ba ta faɗa ba cewa ɗakin 'yarta inji za a jera. Yanzu kowace yamma sai ta tambaye ni ko Tasi'u ya gama, in ce mata yana kai. Fuskarta ta washe, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ya ce abu mai sauƙi ne, a jona fitilun akwatin kawai a ɗora shi a kan tebur, ranar jere ya yi ta walƙiya, a cikin matan nan wa zai san bambanci. Ni kuma wani lokacin sai in ce a karyar da kayan ko nawa ne, a yi gaggawar sayo 'yan kwanuka a rufa asiri, in haƙura da sana'ar gaba ɗaya. Tasi'u ya ce wasu daga ciki darajarsu ta faɗi tun suna ƙarƙashin gado. Kamaruddeen bai san komai ba. Na fara yarda cewa irin wannan aikin ba na 'yan ƙauye ba ne, mu namu tsinkar tumatir. Ko'ina na juya Inna ce za ta ji kunya, kuma ni na ja mata. Ban ga mafita ba, na rubuto ne kawai don kada in fashe.

Taku, Mai Hoton Mata, daga yankin Watari.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki, na kuma kai ta wurin masu haɗa kwamfuta kafin in amsa, don kada in ba ki magana mai daɗi marar amfani.

Zan fara da mai ɗacin. An yi asara, kuma ba za ta dawo duka ba. Kayan kwamfuta ba sa jiran juna. Tukunyar da aka saya shekarun baya tana zama lafiya kusa da ta bana, amma waɗannan dole a zaɓe su tare, a saye su kusa da juna, a gwada su tun mai shago yana iya karɓar abinsa. Dabarar Innarki ta aurar da mata ba adadi, wannan kayan ne kawai ba ta dace da shi ba. Ke kuma ba sakarai ba ce, ba ki samu mai gaya miki ba ne. Zancen cewa aikin ba na 'yan ƙauye ba ne ki ajiye shi, domin matan da ke kiranki cikin gidajensu sun riga sun nuna naki ne.

Yanzu ga abin yi. Bisa bayaninki, firosesa da ram su ne na baya-bayan nan, akwai yiwuwar su biyun sun dace da juna. Ki sa Tasi'u ya tabbatar. In haka ne, faifan shi ne bare, shi za a fitar a nemo wanda ya dace da su. Katin nan mai shan wuta shi ne abu mafi tsada a hannunki, kuma shi ne wanda aikinki bai matsa a kansa ba. Gyaran hoto da zanen kati sun fi dogara ga firosesa, da isasshen ram, da ma'ajiya mai sauri. Ƙaramin kati ya ishe ki, wata firosesar ma tana iya fara aiki ba kati. A yi musayarsa da faifai da na'urar raba wuta mai kyau da ma'ajiya. Talabijin kuwa kada ki dogara da shi, ƙarya yake yi a launi. Za ki gyara fuskar amarya ta yi kyau a idonki, a buga ta fito ja ko toka-toka. Monita matsakaiciya mai gaskiyar launi, ko ta hannu ce, ta fi miki. A yi cinikin a shago ɗaya, rana ɗaya, Tasi'u yana tsaye, a kunna a gabanki kafin ku tashi. A kuma auna ƙarfin solar, wanda ke nufin Kamaruddeen ya ji labari, tunda gidansa za a kai.

Ba zan ce miki musayar za ta ishi komai ba. Wataƙila monitar ta jira. Kayan da suka sha damina a ƙarƙashin gado ma sai an kunna za a san lafiyarsu. Mai yiwuwa ne ranar jere ta zo injin bai tashi ba, kuma Gwaggonki za ta yi magana ko ya tashi ko bai tashi ba.

Shawarar yayanki daga tausayi ta fito, amma kada ki bi ta. Fitilu za su rufe bakin mata na wuni ɗaya. Bayan sati Inna za ta turo miki maƙwabciya da hoton jikanta a gyara, daga nan kunyar ta ninku, ta kuma gane cewa 'ya'yanta sun haɗa kai sun yi wasa da hankalinta. Karyar da kayan a sayi kwanuka kuwa ba laifi ba ne, ina ma ganin a nemi 'yan tukwane da faranti na fita kunya daga dangi, ba wanda zai ce an yi abin banza. Sai dai ba ke kaɗai ke da ikon yanke wannan ba, domin gumin Inna ne a cikin kwalayen nan.

Saboda haka ki daina ce mata yana kai. Ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata yadda kika gaya mini, tun kafin zancen ya biyo ta bakin wani. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake miki fuska ba, ki jure. Ita ce za ta tsaya a gaban matan nan ranar jere, ke kina lulluɓe a ƙurya. Mafi ƙarancin abin da za ki yi mata shi ne ta shiga ɗakin nan tana sane da abin da ke kan teburin, ta zaɓi amsarta da kanta.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya mayar muku da abin da kuka rasa, Ya sa albarka a aurenki da sana'arki.

Anti Ummu Salma