Wayarka a Ƙugun Dada

Zuwa ga maigidana, Baban Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ka cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Mu a nan unguwar Rumde Ajiya ta Garwa muna nan yadda ka bar mu, sai kewa. Abokan sana'arka na mahauta suna tambayarmu, yayanka kuma bai fasa aiko mana da nama ran Juma'a ba.

Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, lakwal ɗin ma, makarantar bokon nan, ban yi nisa ba. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji tun bayan ƙaramar Sallah, na rasa wanda zan faɗa wa ya ji ta yadda take. Na san wasu za su karanta wannan, wataƙila har da waɗanda suka bar takalmansu a bakin gada ran nan. Ba komai. Da kai nake magana.

Ka tuna yadda Sallah take a gidanmu. Jajibere ba ma ganinka, ranar Idi ma sai dai ka shigo ka fita, hannunka duk maiƙo. Amma rana ta uku ba ta kowa ba ce, ta Dada ce. Sunan mahaifiyarka ta ci, shi ya sa ba ka taɓa kama sunanta ba, har rusunawa kake yi ka gaishe ta tana ƙyalƙyala dariya. Ran nan sai ka yi ta wanka da sabulu har ƙarnin nama ya bar ka, ka sa shuɗiyar rigarka, ka ɗora ta a kan tankin moto, babur ɗin nan naka, ni ina baya. Mu tsaya wurin mai makala, fanken nan na fulawa, ka saya mata da kosam, nonon shanu mai sanyi, ta ɓata lallenta da mai. Daga nan sai gadar Binuwai, kallon dorina.

In mun sauka daga moto, kafin a shiga mutane, abu ɗaya kake faɗa: “Dada, ba ni hannu in ba ki dorina.” In ta miƙo ɗaya ka ce, “Af, dorina ɗaya kike so ke nan?” Sai ta yi maza ta miƙo ɗayan. Ka ɗaga ta bisa wuyanka, ka ɗauke ta hoto da wayarka, ka dubi dorinan nan ka ce da za a ba ka guda ɗaya da Garwa kaf ta yi Sallah. Ni kuma in ce ka ji mahauci, ko yawon Sallah ya zo sai ya yi fawa da ido.

Sai ka tafi sayen shanu kasuwar can ta wajen iyaka, ka ce ba za ka daɗe ba. Yayanka ne ya dawo da hularka da wayarka, gilashinta a tsage. An ce yarinya ce ta shigo tsakiyar kasuwar da tire a kai da dogon hijabi, ba wanda ya dube ta sau biyu. Ban tambayi sauran ba.

Wayar na naɗe ta da igiyarta ta caji, na sa a gindin kwalla. Wata rana na sami Dada ta ciro ta tana yi mata magana. Na daka mata tsawa, na buge mata hannu, na ce kada in sake ganin ta taɓa. Ganin wayar ne ba na iyawa.

Tun daga lokacin nake tsoron yara mata. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka ne. In na hangi yarinya da tire a marshe, cikin 'yan kasuwa, sai in sake hanya. Garin ma duk haka ya koma. Ana lalube mutum a ƙofar masallaci, ana lalube shi a filin Idi, mace ba ta rufe fuska. Yaran da suke zuwa barka da Sallah, in ban san muryarsu ba, ta bayan ƙofa nake amsa musu.

Babbar Sallar bara ta same ni cikin takaba. Rana ta uku Dada ta sa takalmanta ta zauna a zaure tun hantsi. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba, tana dai kallon hanya har aka kira magariba. Da nake cire mata takalman na yi mata alkawari, Sallah mai zuwa ni zan kai ta.

Da rana ta uku ta ƙaramar Sallah ta zo, sau nawa na so in ce kaina na ciwo. Na ga ta riga ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, wai ita yanzu babba ce, da kanta za ta shirya. Ta fito cikin rigar da na sa tela ya yi mata da yalwa don ta kai baɗi. Na ji daɗi, na ce 'yata ta girma. Da muka tare mai moto ta ƙi zama a jikina, ta ce a kan tanki take zama. Na ƙyale ta.

Mun tsaya wurin mai makala. Na zaunar da ita a benci, na tsallaka titi sayen kosam. Da na dawo na tarar da wata mata da ban sani ba ta durƙusa gabanta tana gyara mata ɗankwali, tana yaba lallenta. Gabana ya faɗi, amma matar ta yi mini barka da Sallah ta wuce. Na ce wa zuciyata ki bari, yau Sallah ce.

A bakin gada an sa shinge, layin maza daban, na mata daban. Wata mata 'yar komite, 'yan sintirin unguwa, ce take laluben mu. Ta lalube ni, na wuce gaba kaɗan ina gyara mayafi. Da na waiwayo sai na ga hannunta ya tsaya a ƙugun Dada. Ta ɗan ɗaga bakin rigar. Ni ma daga inda nake na gani: baƙar wayar wuta siririya tana reto.

Sai 'yar komiten ta ƙwalla ihu.

Baban Dada, ban taɓa ganin mutane sun watse haka ba. Tire yana faɗuwa, yara suna kuka, takalma ko'ina. Turereniya ta kwashe ni ta yi baya da ni, wani dattijo ya riƙe mini mayafi gam. Da wurin ya buɗe, ba kowa a tsakiyar kwalta sai 'yarka, ita kaɗai, ta dafe cikinta da hannu biyu.

Wani jandarma, yaro ne ma, da ganinsa mutumin kudu, ya saita ta da bindiga yana ihu da Faransanci ta ɗaga hannu. Ina ta san abin da yake faɗa? Yana ƙara ihu tana ƙara matse abin. Shi ba ta ko kallonsa. Ni take kallo.

Sai matar nan mai gyaran ɗankwali ta faɗo mini a rai. Labaran da ake yi na masu ɗaura wa yara abu su sallame su cikin taro duk suka taso mini. Wallahi na yarda. A wannan lokacin na yarda cewa abin da ya ɗauke ka shi ne a jikin 'yarka, kuma ni na tsallaka titi na ba su dama.

Ɗan Faransancin da na koya duk ya gudu, ba abin da ya rage a bakina sai “ma fi, ma fi,” wato 'yata ce. Dattijon yana ce mini da Fillanci kada in je, in tuna Allah. Na zame na bar masa mayafin a hannu. Ba jarumta ba ce. Abu ɗaya na sani: in ma tafiya ce, ba za ta yi ta ita kaɗai a tsakiyar titi tana nemana da ido ba.

Ina tafiya bakin bindigar yana kaiwa da komowa tsakanina da ita. Na isa na durƙusa. Na ce, “Dada, mene ne a jikinki?” Ta girgiza kai, hawaye na zuba, ta ce, “Za ki dake ni.” Na rantse mata ba zan dake ta ba. Ta ƙara ƙanƙamewa. A bayana muryar jandarman ta fara tsinkewa, na san ba zai jima yana jira ba.

Ban san daga ina maganar ta zo ba, na dai ji bakina yana cewa, “Dada, ba ni hannu in ba ki dorina.”

Ta tsaya da kukan. Ta dube ni kamar tana neman wani a bayan fuskata. A hankali ta saki hannu ɗaya ta miƙo. Na ce, “Af, ɗaya kike so ke nan?” Ta miƙo ɗayan.

Na ɗaga su sama yadda kowa zai gani, na ɗora su a kaina, na yi kalmar shahada, na zura hannu cikin rigarta. Tsohon ɗankwalina ne ta ɗaura a ƙugu, ta yi masa ƙulli a kan ƙulli. Da na kwance, wayarka ta faɗo kan kwalta da igiyarta.

Ta ce, “Baba bai ga dorina ba bara. Na zo da igiyar, ko akwai wuta a nan.”

Jandarman ya sauke bindiga ya zauna a kan shingen, ya cire hula ya rufe fuska da ita. 'Yar komiten ta dawo tana kuka tana zagina, wai ni wace irin uwa ce da ba na duba jikin 'yata, tana faɗa tana rungume Dada. Mutane suka riƙa dawowa neman takalmansu. Wasu suka ce Allah Ya kiyaye gaba, wasu suka faɗi abin da ba zan rubuta maka ba. Ban ga laifin kowa ba. Da 'yar wani ce, ni zan riga su gudu.

Gida kawai nake so. Na kama hannunta na juya, ta turje. Ta ce, “Kin ce za ki ba ni.” Jandarman ya ɗauko wayar, ya goge ta a wandonsa, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ɗage mana shingen. Haka muka hau gadar, ni ba mayafi, ita ɗankwali a karkace.

Ruwa ya cika, ja wur. Muka daɗe ba mu ga komai ba. Can sai ga kunnuwa da hanci sun ɓullo kusa da yashi, dorina ta fesa ruwa. Dada ta zura matacciyar wayar nan ta tsakanin ƙarafa, ta riƙe da hannu biyu ta juya ta wajen ruwan, ta ce, “Baba, ga ta can.” Na riƙe bayan rigarta na kau da kai.

Da muka juyo ta ce mini, “Hannu biyu na ba ki, ɗaya kika ba ni. Baba biyu yake bayarwa.” Na ce ɗayar sai babbar Sallah.

To ga babbar Sallah ta matso, raguna sun fara shigowa gari, ni kuma tsoro bai bar ni ba. Ko faranti ya faɗi a tsakar gida sai na zabura. Kullum kafin ta tafi lakwal ina laluben 'yarka da kaina, in yi kamar cakulkuli nake mata. Tana dariya, ba ta san abin da nake nema ba. Yayanka ya ce mu zauna a gida bana, kuma na san gaskiya yake faɗa.

Akwai kuma abin da yake dawo mini. Yarinyar nan mai tire, wadda ta shiga kasuwarku. Ban ce na yafe ba, ban kai nan ba tukuna. Amma tun ranar gada nake tunanin ita ma 'yar wata ce, kuma da ta tsaya a tsakiyar mutane da abin a jikinta, ba a sami wanda ya ce mata ba ni hannu ba.

Wayarka ta bar gindin kwalla, tana kan tebur inda Dada za ta iya ɗauka. Rana ta uku in Allah Ya kai mu, ni zan riƙe ta a fili, a tafin hannuna, tun daga gida har shinge. Zan je da tsorona, amma zan je. Na faɗi maganarka da bakina, ba zan mayar da ita ƙarya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka a Aljanna. Allah Ya tsare mana mai sunanta, Ya tsare 'ya'yan kowa, Ya kawo ranar da yarinya za ta ratsa taro ba wanda ya ja baya. Ya kai mu gadar nan lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya kuma sa su fito su biyu.

Taka har mu sadu,
Maman Dada