Wa Ya San Sunan Wule?

Deule, Litinin

Assalamu alaikum Amadu, bawana, ɗan kawuna,

Ina gajiya, ina shanu, ina uwarka Inna Hasana? Tunda ka hita gurup ɗin 'yan yankin Buza na Fesbuk, ka kashe salula, ga takarda ta hannun direban kasuwa. Wai hushi kake don wani "Ɗan Adar Tsantsa" marar hoto ya rubuta Bafillace ya hi son saniyatai Wule da uwatai? To ƙarya ya yi? Dawo, gurup ba daɗi in ba kai.

Ubangidanka,
Abdulwahab

Allakaye, Laraba

Wa alaikumus salam Abdulwahab,

Muna lahiya. Mutum ɗari huɗu sunka karanta maganar nan, wasu sunka ɗora da zagi na gaske. Ran kasuwa samarinmu sunka tare Shadrak mai gyaran salula, wai shi ne, tunda shi ka buɗe ma mutane kont, wato shahin Fesbuk. Kwana biyar shagonai na ruhe.

Amma Shadrak bai san sunan saniyata ba. Mutum ukku sunka san Wule: ni, Inna, da wanda ta harba cikin kashin shanu bara.

Da bakin rijiya ka hwaɗa mini, sai in rama, a yi dariya, don kowa ya san uwarka ƙanwar babana ce. Can wa ya san taubashina ne ka magana?

Ka huta lahiya,
Amadu

Deule, Juma'a

Salam Amadu,

Ni ne. So na yi in ga kwana nawa za ka yi kahin ka gane ni. Ban yi tunanin sauran ɗari huɗun ba.

A makaranta in ka ɓata allo sai ka wanke. Wannan na goge, ashe an riga an ɗauki hotonai ana ta turawa. Na zamna ina tunanin "Tsantsa" ɗin nan, ni da nonon Bafillata ya raina.

Yau na sa hotona a gurup, na rubuta: "Ni ne, Abdulwahab ɗan Sabuwa Bafillata. Shadrak ba ruwanai." Gobe ni tahi in ba shi haƙuri. Kar Inna Hasana ta ji.

Bawanka, na yau kaɗai,
Abdulwahab

Allakaye, Lahadi

Salam,

Shadrak ya buɗe shago. Inna ta ji. Samarin na jiranka ran kasuwa. Ka taho, kusa da kai zan tsaya. Wule na gaishe ka.

Amadu